Romiyo da Juliyet: Alhakin Yana Wuyan Wa?

Da faɗan barori aka buɗe wasan kwaikwayon soyayya mafi shahara a duniya. Ranar wata Lahadi da safe, a birnin Verona na ƙasar Italiya, yaran gidan Kafulet biyu suka fito titi rataye da takubba suna neman rigima. Suna hango yaran gidan Mantagu, sai ɗayansu ya ciji babban yatsansa yana kallonsu, abin da a can yake daidai da daƙuwa. Nan take wuri ya kaure. Mutanen gari suka fito da kulake, tsofaffin masu gidajen biyu su ma suka fito, wannan yana kiran a miƙo masa takobi, wancan yana kaɗa nasa, matansu na riƙe su.

Daga wannan safiya zuwa asubahin Alhamis mutum shida suka bar duniya: Romiyo ɗan Mantagu, da Juliyet 'yar Kafulet, da Tibalt ɗan kawun Juliyet, da Markushiyo aminin Romiyo, da Faris wanda aka yi wa alkawarin auren Juliyet, da mahaifiyar Romiyo wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Biyar daga cikinsu matasa ne.

William Shakespeare, marubucin Ingila da aka haifa a 1564, ya rubuta wasan wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a 1597. Ko wanda bai taɓa karanta shi ba a ƙasar Hausa, mai yiwuwa ya gamu da shi ta bayan gida, domin a kansa aka gina fim ɗin Indiya Qayamat Se Qayamat Tak na 1988, wanda ya fito da Aamir Khan duniya ta san shi, haka ma Ram-Leela na 2013. Sama da shekara 400 ke nan masu kallo suna fita daga gidan wasa da tambaya guda a baki, ɗalibai kuma suna amsa ta a jarrabawa: wa ya jawo mutuwar yaran nan?

Yadda abin ya faru

Romiyo ya wayi garin Lahadi yana fama da son wata yarinya mai suna Rozalin, wadda ba ta kula shi. Wani baran gidan Kafulet da bai iya karatu ba ya tare shi a hanya, ya roƙe shi ya karanta masa sunayen mutanen da aka aike shi ya gayyato liyafa. Romiyo ya ga sunan Rozalin a takardar, shi ya sa da dare ya rufe fuska ya shiga gidan abokan gabar ubansa. A can ya ga Juliyet, zancen Rozalin ya ƙare. A daren suka yi hira, ita a tagar bene, shi a lambu, suka yi alkawarin aure. Ranar Litinin da rana Fada Lorans, malamin cocin da dukansu biyu suke zuwa wurinsa, ya ɗaura musu aure a ɓoye.

Kafin rana ta faɗi Tibalt ya kashe Markushiyo, Romiyo ya kashe Tibalt, Sarkin Verona ya kori Romiyo daga gari. Ya kwana ɗaya da amaryarsa, da asubahin Talata ya nufi Mantuwa, tafiyar kilomita kusan 40. A safiyar nan aka shaida wa Juliyet cewa ranar Alhamis za a aurar da ita ga Faris. Fada ya ba ta wani magani da zai sa ta zama kamar gawa na awa 42, da nufin a kai ta makwancin zuri'arsu, Romiyo ya zo ya ɗauke ta su gudu. Wasiƙar da za ta bayyana wa Romiyo shirin ba ta isa ba. Labarin mutuwa ne ya isa. Ya sayi guba, ya dawo cikin dare, ya tarar da Faris a bakin makwancin suka yi faɗa ya kashe shi, sannan ya sha gubar a gefen matarsa. Ta farka ta gan shi, ta zare wuƙarsa.

Hukuncin farko ya faɗa kan yaran

Shakespeare bai ƙirƙiro labarin ba. Marubutan Italiya sun daɗe suna juya shi. Masuccio Salernitano ya kawo makamancinsa a 1476 da wasu sunaye, a birnin Siena. Luigi da Porto, wajen 1530, shi ya mai da shi Verona ya raɗa wa masoyan sunayen da aka san su da su. Matteo Bandello ya sake rubuta shi a 1554, aka mai da shi Faransanci a 1559, daga nan wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Brooke ya tsara shi a doguwar waƙa mai layi kusan 3,000 a 1562. Wannan waƙa ce Shakespeare ya ajiye a gabansa.

Brooke bai ɓoye ra'ayinsa ba. A gabatarwar littafin ya ce ya kawo labarin ne don ya zama izina: wasu yara biyu da suka bi son zuciya, suka yi watsi da ikon iyaye da shawarar dangi, suka kai sirrinsu ga tsofaffi mashaya masu gulma da malaman coci masu camfi, suka lulluɓe abin kunyarsu da sunan aure, don haka suka yi mummunan ƙarshe. A wurinsa shari'a ta ƙare, yaran ne da laifi.

Mai son sanin inda Shakespeare ya karkata sai ya duba abin da ya sauya. A wurin Bandello shekarun Juliyet 18. A wurin Brooke ta kusa 16. Shakespeare ya mai da ita 13, saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14, kuma ya sa ana ta nanata shekarun nata a farkon wasan don kada mai kallo ya manta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen Landan na lokacin, domin rajistar coci-coci ta nuna yawancin matan Ingila a wancan zamani sai sun kai shekara 25 ko kusa da haka suke aure. Shi kansa marubucin yana da 'ya, Susanna, wadda aka haifa a 1583, ke nan sa'ar Juliyet ce a lokacin da yake rubutun.

Ya kuma matse lokaci. Labarin Brooke ya ɗauki wata tara, masoyan har sun yi makonni suna zaman aure a ɓoye kafin a kashe Tibalt. Shakespeare ya dunƙule komai cikin kwana huɗu. Sannan ya ɗauko faɗan titi ya sa shi a gaba, kafin a ga fuskar Romiyo ko ta Juliyet. Marubucin da yake son a ɗora wa yarinya laifi ba zai rage mata shekaru ba, ba kuma zai fara nuna wa jama'a irin garin da manya suka gina mata ba.

Abin da masoyan suka yi da hannunsu

Duk da haka yaran ba su fita fes ba, musamman Romiyo. Wanda ya kwana yana kukan Rozalin ya tashi yana neman a ɗaura masa aure da wata, har Fada sai da ya yi masa faɗa a kan wannan saurin juyawa. Da aka kashe Markushiyo, dokar sarki ta hana faɗa a titi tana nan, kuma hukuncinta kisa ne a kan Tibalt. Romiyo bai jira doka ba. Da labarin mutuwar Juliyet ya iske shi a Mantuwa, sau biyu yana tambayar yaronsa Baltaza ko Fada ya ba da wasiƙa, aka ce babu, amma bai tsaya ya yi tunanin dalilin shirun ba. Da ya iso Verona bai biya ta wurin Fada ba. A cikin makwancin ma ya lura da bakinsa cewa leɓɓanta da kumatunta suna nan da jini a jika, alamar da ta isa ta tsayar da mai natsuwa. Kashe kai da ya yi babban laifi ne a addinin garinsu kamar yadda yake a Musulunci, kuma wasan bai ɓoye haka ba, domin tun ranar Litinin da ya zaro wuƙa a ɗakin Fada, malamin ya yi masa tatas ya lissafa masa ni'imomin da yake neman zubarwa.

Juliyet ta fi shi nutsuwa. Tun a daren farko ita ce ta nuna tsoron cewa abin ya yi sauri da yawa. Ita ce kuma ta kafa sharaɗi: in da gaske yake, kuma nufinsa mai kyau ne, to maganar aure za a yi. Ta yi wa iyayenta ƙarya daga baya, wannan ba a musu.

Amma akwai tambayar da masu tuhumar yaran suke tsallakewa. Me ya sa suka ɓoye? Aure suka nema. Romiyo magajin babban gida ne, daidai da gidan su Juliyet a daraja. Kafulet da kansa, a daren liyafa da Tibalt ya gane Romiyo ya so ya far masa, ya hana shi, ya ce mutanen Verona suna yabon yaron da ladabi da kamun kai. A garin da babu gaba, da manya za a tura su nemi aure, a yi bincike, a sa rana. Gabar ce ta mai da halal abin ɓoyo.

Samarin da aka raina a kan gaba

Tibalt shi ne wanda ya fi sauƙin zargi. Tun fitowarsa ta farko ya bayyana cewa ya tsani kalmar sulhu kamar yadda ya tsani duk ɗan Mantagu. Da aka hana shi faɗa a wurin liyafa, washegari ya aika takardar ƙalubale gidan su Romiyo. Da suka haɗu a titi ya zage shi a bainar jama'a. Romiyo, wanda bai fi sa'a guda da zama surukinsu ba, ya amsa da lallashi ya ƙi zare takobi. Markushiyo, wanda ba ɗan kowane gida ba ne cikin biyun, ɗan'uwan sarki ne ma, ya ga wannan haƙuri a matsayin ragwanta da zubar da mutunci, sai ya karɓi faɗan. Romiyo ya shiga tsakani, Tibalt ya soki Markushiyo ta ƙarƙashin hannunsa.

Markushiyo yana gargarar mutuwa bai tsaya kan Tibalt shi kaɗai ba. Gidajen biyu ya yi ta tsine wa, yana maimaitawa. Yana da hujja. Tibalt bai fara gabar ba, ya tashi ya tarar da ita ne, aka nuna masa cewa mutuncin namiji yana bakin takobi. Kuma daga farkon wasan har ƙarshensa babu wanda ya faɗi abin da ya haɗa Mantagu da Kafulet tun asali. Ba a ambaci gona ba, ba a ambaci bashi ba, ba a ambaci jini ba. Sarki da kansa ya ce faɗace-faɗace uku da suka hargitsa garin daga maganar banza suka taso. Tsofaffin sun gaji da ita, domin Kafulet ya faɗa wa Faris cewa ba zai yi wa dattawa irinsu wuya su zauna lafiya ba, amma babu wanda ya taka zuwa ƙofar ɗan'uwansa ya kashe wutar. Suka bar ta a hannun barori da samari.

Rabon ƙaddara

Mai gabatar da wasan tun kafin a fara ya shaida wa jama'a cewa taurarin masoyan nan ba su yi musu kyau ba, kuma akwai abubuwan da ba hannun kowa a ciki. Baran da bai iya karatu ba, cikin duk mutanen Verona sai ya tare Romiyo. Fada Yohanna, wanda aka ba wasiƙar ya kai Mantuwa, ya biya ya ɗauki abokin tafiya wanda yake duba marasa lafiya, sai jami'an gari suka zargi gidan da annoba suka rufe su a ciki. Masu kallon farko sun san wannan sarai, domin annoba ta kashe dubban mutane a Landan ta kuma sa an rufe gidajen wasa mafi yawan lokaci tsakanin 1592 da 1594. A ƙarshe kuma tazarar da ke tsakanin shan gubar Romiyo da farkawar Juliyet ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Sai dai mai imani da ƙaddara ya san ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da ya aikata. Wasiƙu suna makara kullum ba a mutu ba. Wannan ta zama ajali ne saboda an rataya rayuka biyu a kan takarda ɗaya a hannun mutum ɗaya. Wanda ya rataya su kuwa sananne ne.

Malamin da ya yi nufin alheri

Fada Lorans mutumin kirki ne, kuma da kyakkyawar niyya ya shiga maganar. Ya faɗi dalilinsa: yana fatan auren ya mai da gabar gidajen biyu ƙauna. Amma wannan na nufin ya ɗauki yarinya 'yar shekara 13 ya mai da ita makamin sulhun da manya suka kasa yi. Da bakinsa ya gargaɗi Romiyo cewa mai gudu shi ke tuntuɓe, kuma a ranar ya ɗaura auren, babu iyaye, babu sanarwa. Auren ɓoye matsala ce da ta dami Turai a lokacin. Babban taron Cocin Katolika na Trent ya kafa doka a 1563 cewa sai an yi shela kuma a gaban shaidu, Cocin Ingila kuma a 1604 ya hana ɗaura wa 'yan ƙasa da shekara 21 aure ba da yardar iyaye ba.

Da aure ya ɗauru, sulhun da yake fata ba zai samu ba sai an bayyana shi. Bai bayyana ba. Ranar Talata, da Juliyet ta zo masa da wuƙa a hannu, hanya mafi kusa ita ce ya tashi ya je wurin Kafulet ko wurin sarki ya ce yarinyar nan matar aure ce, ni na ɗaura. Gari duka yana ganin girmansa. Abin da zai rasa shi ne sunansa. Maimakon haka ya ba ta maganin da zai sa a binne ta da rai a cikin ƙasusuwan kakanninta, kusa da gawar Tibalt. Ita kanta, kafin ta sha, ta yi zargin ko guba ce ya ba ta don ya rufa wa kansa asiri.

Akwai wani sakaci da ba a cika lura da shi ba. Daren da Romiyo zai bar gari, Fada ya yi masa alkawarin cewa ta hannun yaronsa zai riƙa aika masa labari. Da lokaci ya yi bai sanar da Baltaza komai ba. Yaron ya ga an kai Juliyet makwanci, ya hau doki ya kai wa maigidansa abin da idonsa ya gani. Daga ƙarshe, da Juliyet ta farka ta tarar da gawar mijinta, Fada ya ji motsin masu gadi, ya ce ta taso ya kai ta gidan mata masu zaman ibada, da ta ƙi sai ya gudu ya bar ta ita kaɗai da gawa biyu da wuƙa.

Safiyar Talata

In ana neman sa'ar da aka rasa Juliyet, a safiyar Talata take, tun kafin maganar magani ko wasiƙa.

Ranar Lahadi, da Faris ya nemi aurenta, Kafulet ya yi magana irin ta uba nagari. Ya ce yarinya ce, a bari a ƙara shekara biyu, ya ce aurar da yara da wuri yana lalata su, ya ce Faris ya je ya nemi zuciyarta domin yardarsa tana bin tata ne. Ita kaɗai ta rage masa, sauran 'ya'yansa duk sun rasu. Daren Litinin, gawar Tibalt ba ta gama sanyi ba, mutumin nan ya ba da ita ba tare da ya tambaye ta ba, ya sa ranar Alhamis. A yi masa adalci: bai san tana da aure ba, kuma ya zaci kukan da take yi na Tibalt ne, biki zai share mata hawaye. Amma da ta ce ba ta so, bai tambaye ta dalili ba. Ta durƙusa ta roƙi ya saurare ta ko da kalma ɗaya. Ya zage ta, ya ce hannunsa na ƙaiƙayin dukanta, ya ce ko da jan ƙasa sai ya kai ta coci, in kuwa ta ƙi, ta fita ta yi bara ta mutu a titi, ba shi ba ita.

Ta juya ga mahaifiyarta ta roƙi a ɗaga bikin wata ɗaya, ko mako ɗaya. Matar nan ta san zafin abin, domin ita ma a kusan shekarun nan ta haifi Juliyet. Ta ce kada ta ƙara yi mata magana, ta gama da ita. A safiyar nan kuma ita ce ta gaya wa 'yarta cewa za ta sa a bi Romiyo Mantuwa a ba shi guba.

Saura mai renonta, wadda ta shayar da ita, wadda ta kai saƙo tsakanin masoyan, ta ɗauko tsanin igiyar da Romiyo ya hau. Ta yi ƙoƙarin kare Juliyet a gaban maigida aka tsawatar mata. Da suka rage su biyu, shawarar da ta bayar ita ce Juliyet ta ɗauka Romiyo ya mutu ta auri Faris, wai ya ma fi shi. Wato aure a kan aure. Daga ranar Juliyet ba ta ƙara faɗa mata sirri ba.

Uba, uwa, mai reno, malami: manya huɗu ta bi cikin yini ɗaya. Biyu ba su san gaskiya ba kuma sun toshe hanyar jin ta, biyu sun sani sun yi shiru. Da ta dawo daga wurin Fada ta yi kamar ta tuba, murna ta sa Kafulet ya dawo da bikin ranar Laraba. Wannan gaggawar ta dattijo ta cinye yini guda cur daga lokacin da wasiƙa take buƙata ta isa Mantuwa. Ana yawan cewa wasan yana gargaɗi ne a kan gaggawar yara, alhali babu wanda ya kai wannan tsoho sauri.

Gidan Mantagu babu tsawa, amma akwai nisa. Iyayen Romiyo suna sonsa, uban ya ga yana kuka da asuba yana kulle kansa a ɗaki, ya tambaya bai samu amsa ba, sai ya bar wa Benboliyo, ɗan'uwan Romiyo, ya binciko. A duk tsawon wasan babu wuri ɗaya da Romiyo ya yi magana da mahaifinsa ko mahaifiyarsa.

Masu karanta littattafan soyayya na Kano sun san irin wannan safiya. A littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, na farkon shekarun 1990, matsin da aka yi wa Sumayya ta auri mai kuɗi ta bar Muhammad shi ya kai ta faɗawa rijiya. Bambancin shi ne ita an ciro ta da rai, manya suka samu damar sauya shawara. Kafulet bai samu wannan dama ba.

Sarki da rabon hukunci

Saura mai gari. Sarki Eskalus sai da aka yi faɗa uku a titunansa kafin ya yi barazanar kisa. Ya kira dattawan biyu ya ja musu kunne ɗaya bayan ɗaya, amma bai zaunar da su ya tilasta sulhu ba. Da asubahin Alhamis, a bakin makwancin, ya saurari Fada da Baltaza da yaron Faris, ya karanta wasiƙar da Romiyo ya bar wa ubansa. Bai tuhumi masoyan ba. Ya sallami Fada da shaidar cewa an san shi mutumin Allah ne. Ya kira Kafulet da Mantagu da suna ya ce su dubi bulalar da ƙiyayyarsu ta jawo, sannan ya haɗa da kansa, ya ce kau da kai da ya yi daga rigimarsu ya ci masa 'yan'uwa biyu, Markushiyo da Faris. Wannan shi ne mafi kusa da hukuncin Shakespeare, kuma ya sha bamban da gabatarwar Brooke.

Idan aka auna kowa da ikon da ke hannunsa, nauyin ba ɗaya ba ne. Romiyo yana da laifin jini biyu da na ransa. Tibalt ya kunna wutar ranar Litinin. Fada da mai reno sun ɓoye gaskiya a ranar da faɗinta zai ceci rai. Amma masu ikon kashe gabar da kalma ɗaya, masu ikon ɗaga biki, masu ikon cewa zauna ki faɗa mini abin da ke damunki, su ne iyayen da sarkin garin. Sun yi sulhun a ƙarshe cikin minti ɗaya, da musafaha, abin da ya nuna tun farko bai fi ƙarfinsu ba. Mantagu ya yi alkawarin gina wa Juliyet mutum-mutumi na zinariya zalla, Kafulet ya ce zai yi wa Romiyo wanda bai gaza shi tsada ba.

Sarki ya rufe zaman da cewa za a yafe wa wasu a hukunta wasu, bai faɗi sunaye ba. Waƙar Brooke ta faɗa. An kori mai reno daga gari saboda ta ɓoye auren. An saki yaron Romiyo saboda umarnin maigidansa ya bi. Fada ya fita lafiya saboda hidimar da ya yi wa gari a baya, ya koma zaman kaɗaici a bayan gari har ya rasu bayan shekara biyar. Mai sayar da magungunan Mantuwa kuwa an rataye shi. Shi ne mutumin da Shakespeare ya nuna cikin tsumma, yunwa ta fito masa a kumatu, shagonsa babu komai sai fankon akwatuna da tsofaffin iri, wanda ya fara ƙin sayar da gubar saboda dokar garin, sai da Romiyo ya zube masa tsabar zinariya 40, ya karɓa yana cewa talauci ne ya sa shi. Brooke bai ambaci wani hukunci da aka yanke wa Kafulet ko Mantagu ba.